Daga Tawa zuwa Salkadamna: kufan jiya da gawayin gobe

Duk wanda ya sauka birnin Tawa ranar Lahadi, ranar da babbar kasuwa ke ci, zai iske arzikin Adar da na Azawak sun haɗu wuri guda. Ga raƙuma da jajayen shanun Azawak, ga albasa daga fadamun kudu, ga hatsi da wake, ga tabarmi da kayan fata, ga kuma hajar da 'yan biɗa ke turowa gida daga Abijan da Legas da Libiya. Sai dai akwai wani arziki da ba a kasawa a kasuwar nan, ba a kuma tayawa, wato wanda ke kwance ƙarƙashin ƙafafun masu ciniki. Adar ƙasar dutse ce, har ma ana ce mata Adar Dutsi. Manomi na kuka da dutsen domin yana cinye masa bakin hauya, amma cikin dutsen nan akwai tama, akwai farar ƙasa, akwai fosfat, can arewa maso yamma kuma akwai gawayin ƙasa, wanda mutanen Nijeriya ke kira kwal.

A ƙasashen Turai akwai yankunan da aka ƙare haƙar gawayi cikinsu, aka rufe ramu, sa'an nan aka mayar da tsofaffin ma'aikatun wuraren ziyara, jama'a na biyan kuɗi su ga inda kakanninsu suka yi gumi. Adar ba ta kai nan ba tukuna, gawayinta bai ma fito ba. Amma ta riga ta tara nata kufan: inda aka narka tama, inda aka tsinci fosfat, da doguwar hanyar da aka shimfiɗa saboda ma'adinai. Matafiyin da ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya isa Salkadamna, inda gawayin yake, zai isa da tambayoyin da suka fi na wanda ya tafi kai tsaye. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Ƙasar da teku ya bari

Mai zuwa daga Yamai yana barin babbar hanya a Tsarnawa, gaba kaɗan da Birnin Ƙonni, ya miƙe arewa ta Badagishiri. Tun daga nan kamar ƙasa ke sakewa: tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, an yi masu rawani da jan dutse mai duhu, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu gawo da lambuna. In mutum ya tsaya gindin ɗaya daga cikin tuddan, inda ruwa ya zaizaye, zai ga ƙasar hawa-hawa kamar an jera tabarmi, wata fara, wata toka-toka, wata ruwan ƙasa. Cikin farar akan tsinci kwanson halittun ruwa da suka koma dutse, a wurin da yau sai an yi gaba da yawa kafin rijiya ta ba da ruwa.

Masana ilimin ƙasa sun ba da dalili. Shekaru kimanin miliyan 60 da suka wuce, teku ya malalo ya rufe wannan babban kwari da suke kira Iwillimmedan, wanda ya haɗa yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato da gabashin Mali. Da ya janye, sai ya bar gado. Kwanson halittunsa ya zama farar ƙasa. Ƙasusuwan kifi da kashinsu suka dunƙule suka zama fosfat. Inda ruwan gishiri ya ƙafe aka samu jips, dutsen nan mai ƙyalli da ake haɗawa cikin siminti. Itatuwa da ciyayin fadamu da ƙasa ta binne suka zama gawayi. Daga bisani jan dutse mai ƙarfe ya rufe su duka. Ke nan maƙeri da mai siminti da mai neman gawayi duk rumbu ɗaya suke ɗiba, kowa da hawan da hannunsa ke kaiwa.

Farar ƙasar ce ta fara samun masana'anta irin ta zamani. A Malbaza, can kudancin Adar, kamfanin siminti na ƙasa ya soma aiki a 1966, yana fitar da kimanin tan dubu 40 a shekara in komi ya tafi daidai. An sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1998, kuma a ƙarshen shekarun 2010 wata sabuwar masana'anta mai ƙarfin tan dubu 650 ta tashi a wurin. Malbaza ita ce 'yar gatan ma'adinan Adar, domin ita kaɗai ce wutarta ta daɗe ba ta mutu ba. Sauran labaran sai an nufi arewa.

Kashin maƙera

Kufai mafi tsufa ba ya da gini, ba ya da ƙofa. Tarin baƙaƙen duwatsu ne masu ƙoƙo-ƙoƙo da nauyi, waɗanda ake iskewa a gefen tuddai da bakin gonaki, yara na jifar tsuntsaye da su. Sunansu kashin maƙera, wato dattin da ke saura bayan an narka tama an cire ƙarfe. Duk inda aka gan su jibge, to, an taɓa kunna wuta mai tsanani a wurin.

Kafin zuwan Turawa, da ma shekaru da dama bayan zuwansu, hauya da gatari da lauje da mashin Adar daga dutsen Adar suke fitowa. Aikin na rani ne. Bayan an kai amfanin gona gida, maƙera sukan fita daji ƙungiya guda ƙarƙashin shugabansu, su fasa tama, su ƙona gawayin itace mai tauri irin ƙirya, su gina matoya da yumɓu, su jera tama da gawayi ciki, su kunna. Wuta takan ci dare da rana, ana tsaron ta, har ƙarfe ya taru a gindi ya zama curi. Wannan curin ne ake farfasawa a kai maƙera. Sana'a ce ta gado mai dokoki da asirai, kuma ba kowane mai bugun ƙarfe ne ya iya narka tama ba.

Wata masaniya Bafaransa, Nicole Echard, ta yi shekaru tana bincike cikin ƙauyukan Adar, kuma a 1968 ta fito da wani fim kan wannan aiki mai suna Noces de feu, wato auren wuta, domin maƙeran suna kwatanta narkar tama da aure da haihuwa. Ta samu aikin yana gab da ƙarewa. Ba doka ce ta kashe shi ba, tsohon ƙarfe ne. Tun da ɓaraguzan motoci da tsofaffin ganguna suka yawaita a kasuwa, maƙeri ya ga babu dalilin kwana daji yana fama da dutse, alhali ga ƙarfe da arha an kawo masa har bakin maƙera. Cikin ƙarni guda ilimin da aka gada tun kaka da kakanni ya tsaya a bakin 'yan tsofaffi. Yau ɗan Adar da ke son ganin yadda kakanninsa suka mayar da dutse ƙarfe sai ya nemi fim ɗin da baƙuwa ta ɗauka.

Fosfat na Anekar

Kufai na biyu yana arewa da Tawa, tafiyar kimanin kilomita 60, wajen Anekar. Hanyar tana ratsa ƙasa mai fako da ƙaya, gonakin hatsi na raguwa, garken awaki da raƙuma na ƙaruwa, alamar ana kusantar iyakar noma da kiwo. A nan fosfat yake, cikin siffar 'yan dunƙule-dunƙule da ke warwatse cikin laka kusa da fuskar ƙasa, kuma an ƙiyasta yawansa ya kai kimanin tan miliyan 7.

Daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa kuma zancen ƙoshi da kai ke bakin kowa bayan yunwar 1973 da 1974, aka soma aikinsa. Hukumar ma'adinai ta ƙasa, ONAREM, wadda aka kafa a 1976, ita ta riƙe ragamar. Aikin na hannu ne: mutanen ƙauye su tona, su tsince dunƙulen, a loda a kamyo a kai Tawa, inji ya niƙe shi ya zama gari, a ɗura a buhu a kai wa manoma. Tunanin mai kyau ne, ƙasa ta yi taki da dutsenta maimakon jiran jirgin ruwa. Amma wajen 1984 aikin ya tsaya.

Dalilan sun cancanci a tsaya kansu, domin ba laifin dutsen ba ne. Garin ya yi laushi da yawa, manomi na watsawa iska na kwashewa, yana shiga ido da hanci. Ba ya kuma nuna kansa nan take kamar takin zamani da ake shigowa da shi, wanda cikin 'yan kwanaki ganye ke yin shar. Shi sannu yake narkewa, amfaninsa na bin gona shekara biyu ko uku, kuma ba a zauna da manoma an bayyana masu haka yadda ya kamata ba. Ga wahalar kai shi ƙauyuka. Sa'an nan lokacin ya zo daidai da faɗuwar farashin uraniyom, da tsuke bakin aljihun gwamnati, da farin 1984.

Abin da ke da ciwo shi ne, bayan injin ya yi shiru ne bincike ya ƙara tabbatar da darajar dutsen. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, tare da hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, sun nuna cewa abin da jigawar Nijar ta fi rashi shi ne sinadarin da ke cikin fosfat, kuma na Tawa yana narkewa a gona fiye da na yankin Tapowa, har ana iya zuba shi ga hatsi kai tsaye ba tare da an sarrafa shi a babbar masana'anta ba. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa farashin taki ya haura a duniya, manomin Adar ya sayi buhu da tsada, ko ya haƙura, alhali maganin gonarsa na kwance tafiyar yini guda da jaki daga wasu ƙauyukan. Wanda zai sake ɗaukar wannan aiki wata rana yana bukatar sanin abin da ya faru: nawa aka biya masu tono, nawa aka sayar da buhu, ina aka kai, me manoma suka ce. Amsoshin suna cikin tsofaffin takardu da kawunan tsofaffin ma'aikata, su biyun kuwa gara da mutuwa ba su jiran kowa.

Hanyar uraniyom

Kufai na uku kowa na bin sa, shi ya sa ba a ɗauke shi kufai ba. Hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, mai tsawon kimanin kilomita 650, an shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin kamfanonin haƙar uraniyom, kuma saboda su aka yi ta. Shekara da shekaru manyan motoci sun bi ta da man fetur da farar wuta da kayan inji daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa arewa, su komo da gangunan uraniyom zuwa kudu. Tawa ta zama zango. Masu gareji, masu abinci, masu faci, dillalai da masu masauki duk sun ci albarkacinta, haka ma Tabalak, inda matafiya ke tsayawa sayen kifin tabki, da Abalak, ƙofar Azawak. Da harkar uraniyom ta yi sanyi, gyara ya yi wuya, direbobi suka daɗe suna barin kwalta su bi gefe saboda ramu.

A kan hanyar nan, bayan Agadas, akwai wurin da Nijar ta san gawayin ƙasa da gaske. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin Anu Araran, kusa da Cirozerin, kuma tun 1981 tasharsa mai injuna biyu, da ƙarfin da bai kai megawat 40 ba, ta soma ba ma'adinan Arlit da garuruwan Ayar wutar lantarki. Gaba kuma, a Akokan, kamfanin COMINAK ya rufe raminsa ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya yi aiki tun 1978. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, masu ƙananan kwangila da 'yan kasuwar garin suka bi bayansu, aka kuma bar tarin dattin ma'adini na kusan tan miliyan 20 da sai an lulluɓe shi a yi ta sa masa ido shekaru masu yawa. Ke nan ba sai an je Turai ba kafin a ga yadda gari ke zama in rami ya rufe. Misalin na ƙarshen hanyar da ta fara daga Tawa.

Salkadamna

Gawayin Adar yana cikin gundumar Takanamat, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Tawa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi da ƙaya, inda Hausawa manoma da Buzaye da Fulani makiyaya ke haɗuwa a bakin rijiya. Mai niyyar zuwa sai ya nemi shawarar hukuma da ta mutanen wurin, domin arewacin jahar ya ga tashin hankali: a 2017 aka sa Tiliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci, kuma ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, bisa lissafin gwamnati. Wannan ma yana cikin lissafin duk mai tunanin zuba kuɗi a yankin.

Baƙon da ya isa ba zai ga baƙin dutse a fili ba, gawayin na ƙarƙashin ƙasa. Ƙiyasin da hukuma ta bayar ya haura tan miliyan 60. A watan Yuni na 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, wanda shi kansa ɗan Adar ne kuma injiniyan ma'adinai, ya zo ya aza tubalin farko. Shirin babba ne: ramin haƙa, tashar lantarki da za ta fara da megawat 200 ta kai 600, layukan kai wuta zuwa manyan garuruwa, da masana'antar curin gawayin girki mai fitar da tan dubu 100 a shekara domin a rage saran itace. An yi maganar dubban ayyukan yi a jahar da samarinta suka fi na ko'ina tafiya biɗa. Shekara goma bayan bikin, tashar ba ta tashi ba.

Kuɗi ne babban cikas. Tun 2013 Bankin Duniya ya taƙaita ba da rance ga tashoshin gawayi saboda hayaƙinsu na ƙara ɗumamar duniya, manyan bankunan Turai suka bi sahu, kuma a watan Satumba na 2021 ƙasar Sin ta yi shelar daina gina sababbin tashoshin gawayi a waje. Duk da haka bukatar ba ta gushe ba. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Nijeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mai sayar da ƙanƙara da tela da ma'aikacin ofis duk sun ɗanɗana kuɗarsu. Tashar hasken rana ta Malbaza, da aka buɗe a 2018, megawat 7 ce kawai. Shi ya sa hukumomin da suka karɓi mulki a 2023 su ma suka sake tado da zancen Salkadamna. Babu mai zargin talakan da ke kwana cikin zafi da duhu in ya ce a haƙo gawayin. Amma tun da bai fito ba, lokacin tambaya bai wuce ba. Daga ina tasha za ta sha ruwa a ƙasar da makiyayi ke bin layi a rijiya? Ina za a zuba toka? Wa zai biya mai gona da mai makiyaya, kuma nawa? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa gundumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu. Wa zai bi sawun kuɗin har su iso? Ranar da gawayin ya ƙare kuma, domin kowane rami yana da ƙarshe, me za a bar wa Takanamat?

Darasin Inugu da na arewacin Faransa

Fataken Adar da ke zuwa kudancin Nijeriya sun san Inugu, garin da gawayi ya haifa. An gano kwal a tuddan Udi a 1909, aka soma haƙa wajen 1915, aka ja layin dogo daga Fatakwal domin kwasarsa. Da shi jiragen ƙasa na Nijeriya suka yi ta tafiya, har da waɗanda ke ɗaukar gyaɗar Kano, wadda ta Maraɗi da Damagaram ke cikinta. Garin ya jawo baƙi daga ko'ina, har wani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan ramin Iva masu yajin aiki, suka kashe 21, abin da ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙaimi. Bayan haka jiragen ƙasa suka koma shan man gas, man fetur ya samu, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, harkar ba ta sake miƙewa ba. Cikin gari an kafa mutum-mutumin tunawa da waɗanda aka kashe, amma ramukan an bar su ga ruwa da ciyawa.

Arewacin Faransa ya bi wata hanya. A yankin Nor-Pa-da-Kale an yi shekara 270 ana haƙar gawayi, daga 1720 har zuwa watan Disamba na 1990 da aka rufe rami na ƙarshe a Oignies. Ƙasa ce da ta sha baƙin ciki: a 1906 gobarar ramin Courrières ta kashe mutum 1,099. Ta kuma ci gumin baƙi, Polawa da Italiyawa, da dubban 'yan kudancin Maroko da aka je har ƙauyukansu aka ɗebo. Da aiki ya kusa ƙarewa, mutane da yawa sun so a share komi a manta. Waɗansu suka ƙi. Tun 1984, shekara shida kafin rufe rami na ƙarshe, aka buɗe gidan tarihi a tsohon ramin Lewarde, aka tara injuna da fitilu da takardun kamfani, aka sa tsofaffin mahaƙa su zama masu yi wa baƙi jagora. A 2012 hukumar UNESCO ta sa wurare 109 na yankin cikin kayan tarihin duniya: hasumiyoyin ramu, unguwannin ma'aikata, tashoshin jirgi, har da tsaunukan dattin gawayi da a da ake jin kunyarsu. A shekarar ne kuma aka buɗe reshen gidan tarihin Louvre a garin Lens, kan filin wani tsohon rami. Wannan bai mayar da ayyukan da aka rasa ba, yankin ya daɗe yana fama da zaman kashe wando. Amma jikan mahaƙi ya san abin da kakansa ya yi, kuma duk mai son sanin abin da gawayi ke bayarwa da abin da yake karɓa yana da inda zai je ya duba. Abin lura shi ne sun soma ajiya tun masu aikin na raye.

Abin da ya rage a yi

Adar ba ta da hasumiyar ƙarfe ko tsaunin datti da zai jawo baƙi daga ƙetare, kuma ba wanda ke cewa a yi gasa da Faransa. Abin da take da shi ƙarami ne, shi ya sa yake da saurin ɓacewa. Tarin kashin maƙera ana kwasarsa a yi ciko. Tsohon inji kuwa, masu sayen ƙarfe a kilo ba su tambayar tarihinsa. Tsohon ƙarfen da ya kashe narkar tama jiya, cinikinsa ne ke cinye shaidar masana'antu yau. Takardun ofis in sun tsufa, sau da yawa wurin mai ƙosai suke ƙarewa.

Kayan aikin ceto suna nan. Tawa na da jami'a tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ɗalibanta na iya zagaya ƙauyuka su auna wuraren narkar tama, su sa su a taswira, su ɗauki muryar 'ya'yan maƙera da ta waɗanda suka tona fosfat a Anekar ko suka niƙa shi a Tawa. A Yamai akwai cibiyar IRSH da ta CELHTO, waɗanda tattara tarihin baka ne aikinsu, akwai kuma gidan tarihi na Bubu Hama, wanda ya keɓe wa uraniyom ɗaki guda. Birnin da ya karɓi bikin 18 ga Disamba a 2017, aka yi masa ado da sunan Tawa Sakola, bai rasa ɗaki ɗaya da za a jera curin tama, da dunƙulen fosfat, da jips, da buhun simintin Malbaza na farko-farko, da guntun gawayin Salkadamna, kowane da bayaninsa cikin Hausa da Tamajak da Faransanci ba.

Attajiran Adar, na gida da na Abijan, an san su da gina masallatai da makarantu da rijiyoyi a garuruwansu. Wannan ma aikin alheri ne, kuɗinsa kuma bai kai na bene ɗaya ba. Ma'aikacin da ya yi ritaya yana da hoto ko rahoto ko littafin lissafi cikin akwati, ya fito da shi kafin magada su share ɗaki. Magabata kuma, ranar da za su zauna da kowane kamfani kan Salkadamna, su sa a rubuta tun farko yadda za a rufe ramin, da asusun gyaran ƙasa, da inda za a ajiye takardun aikin, a kuma karanta wa mutanen Takanamat cikin harshen da suke ji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Anekar da na Akokan sun riga sun kama, kuma duka biyun 'yan gida ne. Allah ya sa a ji, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.